Muryar Baba a Bakin Ɗan Katun

Jarwal, Makka
9 ga Safar, 1438

Zuwa ga matata Zinariya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya jikin Baba, ya Kawu Hassan da duk mutanen gida a unguwar Tandabawi? Ni dai lafiyar jiki akwai, alhamdu lillahi, sauran kuwa sai a hankali.

Yau kwana shida ke nan da kika tafi gida kika toshe lambata, shi ya sa na koma takarda, na roƙi Inna Rabi mai fura ta ba ki hannu da hannu. Na san Hausar boko tana ba ki wahala, kin fi sabawa da Larabci. Ki daure ki bi ta a hankali, don Allah kada ki ba kowa ya karanta miki.

Ba ki tsaya kin ji yadda abin ya faru ba, to ga shi. Lurwanu, abokin aikina a otal, shi ya zo da wani katun na barkwanci na Amurka a kwamfutarsa. Ya ce tunda alhazai sun watse aiki ya yi sauƙi, mu juya shi Hausa yadda masu fassarar finafinan Indiya suke yi a Kano. Labarin wani magidanci ne mai tumbi da ya yi wa matarsa alkawarin fita, sai ya saci jiki ya tafi kallon wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka. Ƙwallon tasu ma ba da ƙafa ake taka ta ba. Wata aba ce kamar gwanda, ƙato zai rungume ta ya zura da gudu, ƙarti masu hular kwano su bi shi su danne. Rabin katun ɗin kuma shaguɓe ne ga mawaƙansu da 'yan fim ɗinsu da tallace-tallacensu. Lurwanu mai jin Turanci yana ta ƙyaƙyatawa, ni ko ɗaya ban gane ba. Na ce masa wa ya san waɗannan mutanen a Mansur, unguwar Hausawanmu na nan Makka?

Ƙa'idar masu fassara ita ce abin da mutanenka ba su sani ba, ka cire ka sa wanda suka sani. Mawaƙiyar da ta fito a hutun rabin lokaci muka sa mata kiran mai tsiren bakin titi. Alƙalin wasa ya zama mudirin otal ɗinmu, mai yalla yalla, wato maza maza. Da aka zo kan mai tumbin, murya uku na gwada ba wadda ta zauna. Sai kawai na yi gyaran murya irin na Baba, na ce ɗayyib, ɗayyib, to madalla. Lurwanu har sai da ya faɗo daga kujera. Wallahi Zinariya a nan ya kamata in tsaya, daɗin dariyar ne ya ɗebe ni.

Mutum bakwai muka yi dominsu, 'yan wurin aikinmu. Har yanzu ban san wanda ya fitar da shi ba, kowa rantsuwa yake yi. Kafin Juma'a ya shiga kowace waya daga Mansur har Jidda.

Ni da ban taɓa kama sunan Baba ba, ni da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da ya ba ni ke, na ɗauki muryarsa na sa a bakin ɗan katun. Ba ni da abin kare kaina. Ki dawo ki yi mini faɗan a ɗakinki, ki yi wata kina yi, zan ɗauka. Gidan nan ba ya zaunuwa babu ke.

Ki gaida kowa, in za su amsa.

Mijinki,
Sabitu

Jarwal, Makka
16 ga Safar, 1438

Zinariya tawa,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya, ke da Baba da kowa da kowa.

Inna Rabi ta dawo hannu biyu. Ta ce kin karanta, kin naɗe, kin ce mata ta gaida gida. Ta kuma faɗa mini abin da ya hana ni cin abinci tun jiya, wai Baba ya rufe shagon turarensa, ko masallacin unguwa ya daina zuwa, sai ya hau mota ya tafi inda ba a san shi ba. Mutumin da shekara arba'in ba a taɓa yin sulhu a Mansur ba tare da an kira shi ba, yanzu in ya wuce sai a riƙa gyaran murya a bayansa.

Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina roƙo su goge. Wani ya goge a gabana, ban kai ƙarshen layi ba na ji muryar tana tashi daga wayar maƙwabcinsa. Ranar Talata wani bawan Allah ya tare ni a farfajiyar Harami, ya riƙe hannuna yana murna, wai in ɗan yi masa muryar ya ji da kunnensa. Na rasa inda zan sa kaina.

Akwai abin da na tsallake a wasiƙar farko, kuma na san shi kika nema ba ki gani ba. Tsoro ne ya hana ni. A ƙarshen katun ɗin mai tumbin ya dawo gida, hular kwano ta maƙale masa a ka, matarsa ta kulle ƙofa, ya durƙusa yana magiya. Lurwanu ya ce maganar da yake yi daga wani tsohon fim ɗin soyayya aka ɗauko ta, duk Ba'amurke ya san ta, dole mu samo tamu mai daɗi. Sai na sa masa: haba ya sitti, ni ne fa marayanki, buɗe mini.

Ke kika ba ni wannan maganar, a shekararmu ta farko. Kika ce haka Baba yake lallashin marigayiya Mama in ta yi fushi ta rufe ɗaki, ku kuna laɓe kuna toshe baki. Kika kwaikwayi muryarsa muna dariya, daga baya kika fashe da kuka saboda kewarta. Amanarki ce, na kai ta kasuwa. Mutane sun ɗauka ƙirƙira na yi, kuma ita ce suka fi maimaitawa.

Na samu Malam Awwalu, dattijon garinmu, ya yarda zai raka ni biko ranar Asabar bayan La'asar. Don girman Allah ki sa mana baki. Ban san abin da zan zama ba in aka ce in sake ki.

Naki,
Sabitu

Jarwal, Makka
20 ga Safar, 1438

Zuwa ga Zinariya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta Baba, ko da yake jiya na ga yadda ya rame.

Kin ji komai daga bayan labule, amma ina so ki ji yadda abin ya kasance a wurina. Da aka kawo mana gahawa na ɗauka alamar alheri ce. Malam Awwalu ya yi ta ba da haƙuri har muryarsa ta dushe, ni ina durƙushe kaina a ƙasa. Kawu Hassan ne ya amsa a madadin Baba. Ya ce maganar murya ta wuce, yayansa ya yafe, kuma shi bai taɓa riƙe 'yarsa ba, ita ta kawo kanta. Har na fara jin numfashina yana dawowa.

Sai Baba ya yi magana, a hankali, ba gyaran murya, kamar mai tsoron a ji shi. Abu ɗaya ya tambaye ni, a ina na ji maganar maraya. Zinariya, ke na tuna. Na ce a raina gara laifin ya tsaya a kaina ni kaɗai. Na ce da kunnena na ji, wata rana da na zo gaisuwa na tarar yana faɗa a cikin gida. Ya tambaye ni wace shekara na shigo ƙasar nan. Na ce 1431. Ya gyaɗa kai, ya ce an binne Hajiya, wato Mama, a 1428, kuma tun daga ranar maganar ba ta sake fita daga bakinsa ba. Daga nan ya juya ya dubi labulen, ya daɗe yana dubansa, sannan ya tashi ya shiga ciki.

Ashe yana ta fatan ba ke ba ce. Ashe kwana goma sha bakwai kika yi kina zuba masa abinci kina jiran ranar da zai tambaya. Na zo in rufa miki asiri, ƙaryata ta nuna ki da yatsa a gaban mutane.

Ba zan ƙara cewa ki dawo ba, ba ni da bakin faɗar haka. Na haɗa kayan sawarki da maganin ƙirjinki, Inna Rabi za ta kawo. Ki zauna da Baba har ya iya kallonki. In kuma takardar saki kike so, ki faɗa wa Kawu Hassan, zan rubuta ba tare da na wahalar da kowa ba. Sai dai ina roƙonki abu ɗaya, kada ki faɗa masa a wannan watan. Ki bari Safar ya fita tukuna.

Allah Ya huci zuciyar Baba, Ya huci taki.

Mijinki har yanzu,
Sabitu