Yadda Aka Yi Cinikin Gwiwata a Nagasaki

Nagasaki,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙawata Fumie,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da fatan ciwon bayan maigida ya yi sauƙi. Yaya kasuwa? Ina fata ana cigiyata, ko da masu lallatsa kifi su tafi ba su saya ba ne.

Ki taya ni murna, na haifi ɗa na gari. Duk layinmu na 'yan kifi, wace ce ɗanta ya taɓa ɗaukar hutu don ya kai ta yawon buɗe ido? Kina gani Norio ya zo har garinmu Kokura da mota, shi da matarsa Kayo, suka sa na rufe rumfa, wai in zo in huta. Kayo har sabon takalmi ta saya mini. Da na san aikin da zai yi, da na ce ta haɗo da sanda.

Kin san garin nan a tsaye aka gina shi. Ranar farko, tsohon cocin kan tudu mai tagogi kala-kala. Matakala. Na hau. Daga nan gidajen Turawan da, can sama, inda ga matakala mai tafiya da kanta, amma Norio ya ce hanyar ƙafa ta fi kyan kallo. Washegari muka yi doguwar tafiya zuwa kufan wata ganuwa a bakin teku, ba komai sai duwatsu da ciyawa da hawa. Kowane taku sai ya ce, "Mama, gwiwar dai? Ko in goya ki?" Na ce masa, "Goyon da na yi maka ma ban gama hucewa ba, wuce mu tafi."

Ba zan ɓoye miki ba, a kufan nan gwiwar ta ƙi. Na zauna a kan dutse ina yi kamar teku nake kallo. Sai na ga sun kalli juna. Kin san kallon, irin wanda ni da ke muke yi idan mai saye ya fara laluben jakarsa.

Yau da safe aka ce saura wuri ɗaya, wani tsohon ginin sistocin coci mai tarihi. Fumie, ko tudun da kaza za ta yi tuntuɓe babu. Ga lambu, ga kujeru, ga shayi da kek. Babbar sistar ta fito tana cewa, "Sannu da zuwa, Madam Hamasaki," alhali ba wanda ya gaya mata sunana a gabana. Aka bi da mu ta wani falo, tsofaffi a kan keken guragu suna naɗe takarda ana tafa musu. Daga ƙarshe aka buɗe wani ɗaki mai kallon teku, an gyara gado, Kayo tana cewa, "Mama, dubi haske." Tarihin ginin kuwa har muka fito ba wanda ya ba ni. Ashe gidan kula da tsofaffi ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai, dabarata ce. Ki fara nuna wa mai saye kifin jiya, sannan wanda ya fi ƙarfin aljihunsa, idan ya gaji ki ba shi kujera ki jawo wanda tun farko kike son ya tafi da shi. A bayan tebur ɗina Norio ya koyi wannan yana da majina a hanci. Yau ni ce mai sayen.

Sistar ta tambaye ni ko wurin ya yi mini. Na ce, "Ya yi kyau ƙwarai, bari in zagayo." Norio ya sunkuyar da kai, don ya san wanda ya ce zai zagayo ba a ajiye masa kifi. A mota ya ce, "Mama, gani kawai muka zo yi. Rumfar nan da ɗakin sama sun fi ƙarfinki." Na ce, "Da ka zo ka faɗa mini haka a ɗakina, da na zage ka na ba ka abinci, mu yi magana. Amma ka ja ni kan duwatsu sai na durƙusa a gaban matarka?"

Gobe zan hau jirgin ƙasa ni kaɗai. Ki gaya wa mai ƙanƙara ya kawo mini kamar kullum, jibi zan buɗe.

Ki gaishe da maigida da dukan 'yan layi. Saura abu ɗaya. Da za mu fito, sistar ta riƙe hannuna ta ce ta ji tausayina da ta ji na faɗo daga matakalar ɗakina a bazara, na kasa tashi har aka zo aka ɗaga ni. Ban gaya wa Norio ba, ban je asibiti ba. Mutum ɗaya ce ta ɗaga ni ran nan, ta kuma rantse ba za ta faɗa ba. To ƙawata, nawa ne rabonki a cinikin, ko kyauta kika yi dillancin?

Taki har kullum,
Tsuyako Hamasaki