Ƙorafi Kan Farautar Wanda Ya Wanke Mini Ƙarfe

Daga: Dakta Spéciose Mukarubuga,
Sashen Sarrafa Mai,
Cibiyar Binciken Makamashi ta Karama.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Cibiya,
Farfesa Anastase Munyankindi.

18 ga Nuwamba, 2024.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Sanarwar hukunci da Shugaban Tsaro ya manna, da roƙon a janye ta

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon afuwa idan rubutuna ya karkace. Cikin gaggawa nake rubutu, kuma ba don ɓacin rai ba.

1. Kamar yadda Mai Girma ya sani, shekara da shekaru ina fama da tsohon man suya da muke karɓowa wurin masu sambusa da soyayyen dankali, ina neman mayar da shi dizal. Abin da ke juya man shi ne ƙananan ƙwayoyi masu ƙarfen nikel. Matsalarsu ɗaya: kafin mako ya zagayo sai baƙin datti ya lulluɓe su, su daina aiki. Saboda haka ne kwamitin cibiya ya ce zai rufe sashena a watan Disamba in ban kawo wani abin kirki ba.

2. Ranar Juma'a, 25 ga Oktoba, na shanya matattun ƙwayoyin a faranti a bayan ɗakin gwaji, na tafi gida. Washegari ta kama Umuganda, Asabar ɗin aikin gayya ta ƙarshen wata. Ma'aikata da maƙwabta suka cika harabar da tsintsiya da bokiti. Mai Girma ya san mutanenmu: ba sa iya ganin abu baƙi su wuce. Wani bawan Allah ya ɗauki farantina ya wanke ƙwayoyin tas, ya shanya, har ya rufe da ganyen ayaba don kada ƙura ta taɓa.

3. Ranar Litinin da na gani, na yi ihun da aka ji har bakin ƙofa. Shugaban Tsaro, Bwana Théoneste Gakwandi, bai tambaye ni komai ba, ya je ya manna sanarwa cewa duk wanda ya taɓa kayan gwaji za a kore shi in ma'aikaci ne, a kai shi gaban hukuma in maƙwabci ne.

4. A nan nake roƙon Mai Girma ya zauna in a tsaye yake. Don haushi kawai na mayar da wankakkun ƙwayoyin cikin tukunyar gwaji. Suka kama aiki! Har yau da nake wannan rubutu ba su mutu ba, ba su ko yi duhu ba. Man da ke fitowa garau yake kamar ruwan sha. Mun zuba wa tsohon janareton sashe, ya tashi bugu ɗaya, shi da sai an roƙe shi. Na yi rawa a gaban ɗalibaina, da farar rigar aiki da komai, kuma ban yi nadama ba.

5. Ga ainihin ƙorafina. Ban san da me aka wanke su ba. Na gwada sabulu, na gwada toka, na gwada lemon tsami, na gwada haɗa su duka. Sauran ƙwayoyin nawa suka ci gaba da mutuwarsu. Mutum ɗaya ne a duniya ya san sirrin, kuma Bwana Gakwandi ya rufe masa baki da takarda. Yanzu duk wanda na tambaya sai ya rantse ranar yana can yana yankan ciyawa. Mai shara ta ce ba ta taɓa ganin faranti ba a rayuwarta. Na saya wa mai gadi madara da gasasshen nama, ya cinye, ya yi godiya, ya ce idonsa ba ya gani da safe. In na yi wa mutane murmushi sai su ƙara gudu, suna zaton tarko ne.

6. Kwamiti ba zai karɓi faranti ɗaya da ba a iya maimaitawa ba, kuma gaskiyarsu ce.

Saboda haka, cikin ladabi nake roƙon Mai Girma ya sa a cire sanarwar nan yau, a manna wata mai ɗauke da sa hannunsa, cewa babu hukunci, kuma sunan wanda ya yi wankin zai hau takardar binciken kusa da nawa. Mai wankin ya zo da bokitinsa da abin da ke ciki, ko mene ne, ba zan tambayi inda ya samo ba.

In kuma kunya ta hana shi fitowa, Asabar 30 ga Nuwamba Umuganda ce. Zan sake shanya faranti a wurin nan, baƙi ƙirin, da dattinsa. Alfarmar da nake nema ita ce a tura Bwana Gakwandi yankan ciyawa can ƙarshen harabar, a bar mutumin nan ya sake yi mini ɓarna.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da ɗaukaka.

Taka mai biyayya,
Dakta Spéciose Mukarubuga.