Ashe Shi Ma Ya Yi Kuka

Yaya,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafar Inna? Yara fa? Ni lafiya lau, bayana ne kawai yake ƙara in na sunkuya, kada ka gaya mata.

Albishirinka! Jiya a wurin cin abinci na ma'aikatarmu aka kusa ba hammata iska kan Almasihu. Direbanmu ya dage cewa tunda Allah ne, yunwarsa da gajiyarsa duk nuni ne kawai. Mai walda ya bugi tebur har shayi ya zube: "Haba malam! Allah ne cikakke, mutum ne cikakke! A bakin kabarin abokinsa kuka ya yi na gaske, alhali ya san zai tashe shi."

Yaya, cokali ya suɓuce mini. Ka tuna ranar da muka binne 'yata, Kawu ya dafa kafaɗata ya ce mai bi ba ya kuka? Na haɗiye, na bar coci, na bar gari. Har yau ina jin haushinsa, ko da yake na san ta'aziyya yake nufi.

Jiyan nan, na zagaya bayan injin ma'aikatar na yi kukana har na ƙoshi. Direban, duk da taurin kansa, shi ya kawo mini ruwa.

Ka gaya wa Inna ran Lahadi zan je sujada. A share mini kabarin yarinyar. Kawu kuma ka gaishe shi da kyau, sannan ka tambaye shi: ya fi Almasihu bangaskiya ne?

Ƙaninka