Alkamar Waliyyi Korneliyus

Zuwa ga yayata Sidonie, a Ninove,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Ina sanar da ke cewa farfaɗiyar 'yata Godelieve, Lieve ɗinki, ta tsananta. Jiya ta faɗi a bakin murhu, saura kaɗan gashinta ya kama wuta. Likita ya ce iyakar iyawarsa ke nan.

Na sake karanta ɗan littafin nan na Waliyyi Korneliyus, Paparoman da ya karɓi waɗanda tsoron azaba ya sa suka bar addini, wanda aka kora daga Roma ya rasu a baƙon wuri. An rubuta cewa a auna mai wannan ciwo da alkama a cocinsa da ke garinku, a bar wa waliyyin gwargwadon nauyinsa. Na ware buhu mafi kyau a injin niƙana, na tsince shi da hannuna. Don Allah ki tambayi mai kula da cocinku ko zai yarda mu shigo ta ƙofar baya kafin jama'a su taru. Har yau ba wanda ya sani a ƙauyenmu, kuma kin san irin kallon da ake yi wa mai ciwon nan.

Ƙaninki mai girmama ki,
Theofiel

Fiel,

Na gaishe ka, ka shafa mini kan Lieve. Ɗan littafin naka bai ƙarasa maka zancen ba. Alkamar roƙo ake kawowa, gida gida, a kowace ƙofa ka faɗi sunan yarinya da ciwonta. Na tambayi Dolf mai kula da coci, sai da ya ajiye tsintsiya don dariya. Ya ce, "Mai injin niƙa zai ɗebo daga rumbunsa? To me ya bayar ke nan, baba?" Ba ƙofar baya. Ka cire hular nan taka ka ɗauki buhu, tun kana da 'yar da za a auna.

Yayarka,
Sidonie

Yaya Sidonie,

Bayan gaisuwa. Na yi roƙon. Na fara da gidan tsohuwa Pelagie, na tsaya da buhu a ƙofarta. Ta dube ni ta ce, "Sai yau, malam mai karatu? Tun girbin bara na ajiye wa Lieve kwanonta." Haka na samu a kusan kowane gida. Ashe ni kaɗai nake ɓoyewa.

Da na dawo na gwada Lieve a sikelin injin, don kada mu zo a samu giɓi. Yaya, ko rabin buhun ba ta kai ba. Ban san ta rame haka ba.

Muna tafe ranar Lahadi, ta ƙofar gaba. Ki tambayi Dolf ko waliyyin zai karɓi ragowar, a matsayin nauyin da nake roƙon ta kai.

Ƙaninki,
Theofiel