Ajuji

Laraba da dare, ƙauyen Dareta

Yau Inna ta ƙure ni. Liman ya raɗa wa jaririyata Hauwa'u, ita kuwa Ajuji take kiranta. Duk Anka tsohuwa ɗaya na taɓa ji da sunan. Wai na ɗiyar da yayyenta suka mutu ne: a kwantar da ita kan juji, mutuwa ta zaci ba a sonta, ta wuce.

Na ce, "Inna, jujin da munka zuba ƙasar zinari? Gubarta fa ta kashe mani yara biyu."

Ta ce, "Ke da kinka koyi karatu jiya-jiya, mi kinka sani?"

Sunan na bar mata, don ni ma tsoro nake ji. Amma tun azahar ɗiyata tana jikina. Ko Inna ta miƙo hannu, ba na ba ta.