Na Bari Ana Zagin Likitar Waya, Alhali Ni Ce Na Ƙi Jin Maganarta

Anti Yemima, don girman Allah ki taimake ni. Yau sati uku ke nan ina yawo da wata magana a ƙirjina kamar na haɗiyi dutse. Ban faɗa wa mijina ba, ban faɗa wa matar fasto ba, ko ƙanwata ban iya buɗe mata baki ba. Kada ki sa sunana. Ni malamar firamare ce a Kafanchan, 'yar Fadan Kaje, ina auren mutumin Kwoi shekara goma sha biyu ke nan, da yara uku. Mijina, bari in kira shi Silvanus, yana aikin gwamnati a Kaduna, sai ƙarshen wata muke ganinsa.

Sai na fara gaya miki yadda nake da surukina, in ba haka ba ba za ki gane abin da ke cina ba. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarama, ban san daɗin uba ba sai da na shiga gidan Baba. Dattijo ne a ikilisiya, manomin citta, shekararsa saba'in da huɗu, matarsa ta rasu shekara shida da suka wuce. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Malama. In muka saɓa da ɗansa, tun kafin ya ji ba'asi ya riga ya yanke cewa ɗansa ne bai da gaskiya. Har ƙannen mijina suna min tsiya, wai ni ce 'yar gida, su ne surukai.

To maganar likitan waya kuma, maƙwabciyata Uzoamaka mai shagon atamfa ce ta sa min manhajar a wayata shekara biyu da suka wuce. Kina dannawa likita ya fito ta bidiyo, ki faɗi damuwarki, ya rubuto magani ki je kemis ki saya. Anti, abin ya yi min rana. Murar yara, ƙurajen autana, sabunta maganin hawan jinina, duk ina zaune a ofishin malamai lokacin hutun tara nake gamawa, ba layin kati, ba roƙon hedimasta ya ba ni izini. Har na zama mai wa'azin abin a zumuntar matan ikilisiyarmu.

Ranar wata Asabar na tafi ƙauye don dafa wa masu tonon citta abinci. Na tarar Baba a kwance, abin da ban taɓa gani ba da rana tsaka. Ya ce ciki ne kawai, tun jiya da ya taya yara ɗaga buhu. Ya yi amai sau biyu a gabana. Na ce mu je asibiti, ya ce a tsakiyar tonon citta? Sai na ce to bari in kira masa likita ta waya.

Ya ce in ba shi minti biyar. Anti, mutumin da ya kasa ɗaga kofi ya tashi ya wanke fuska, ya sa farin kaftaninsa na sujada da hula, ya zauna a kujera ya miƙe baya kamar za a ɗauki hotonsa na fasfo. A wurinsa baƙo ne zai shigo gida, ba a tarbar baƙo a kwance. Ni har dariya na yi, ina tsokanarsa wai ango. Da aka haɗa mu, ashe likitar mace ce, yarinya da ba ta fi ƙanwata ba. Ni ce na riƙe wayar, ina tsaye a kansa. Suka gaisa, ta tambayi jiki, ya ce da sauƙi, an gode Allah. Ta tambaye shi ko ya yi bayan gida, ya kalli ƙasa ya ce e. Ta tambaye shi ko akwai kumburi a wani wuri, musamman ƙasan mara, ya ce babu. Ta ce ya kwanta ya ɗaga riga ta gani, ya ce ba sai an yi haka ba.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Yarinyar nan ta ce ba ta iya taɓa ciki ta waya, kuma ciwon ciki da amai a jikin mai shekarunsa ba abin jira ba ne, a kai shi asibiti a ranar, a ba shi ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan in zai iya sha kafin a samu mota. Sau biyu ta maimaita, har ta rubuto a cikin manhajar. Da muka kashe waya Baba ya ce ya ji sauƙi, kada in tayar wa Silvanus da hankali. Kuma Anti, gaskiya ɗaya ce, na ji daɗi da ya ƙi. Mutum goma sha biyar suna gona suna jiran abinci, hanya ba kyau, sai an ɗauko babur. Na ce a raina ai mun ga likita. Na dama ruwan gishiri da sukari na ba shi, na koma kan tukunyata.

Ran Lahadi bai je sujada ba. Bayan an tashi, abokinsa Baba Kumai, wanda suke dattijan ikilisiya tare, ya biyo ya ji ko lafiya. Ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Ko minti biyu bai yi ba ya fito yana ihu a nemo mota. A bayan motar kwasar citta muka kawo shi Kafanchan, cikinsa ya kumbura, abin da yake amai ba zan iya rubuta miki ba. Silvanus da ƙaninsa Jason suka iske mu ana cikin tiyata.

Da likita ya fito ya ce ƙaba ce, hanji ya sauko ta matsematsi ya maƙale, jini ya daina zuwa har ya fara ruɓewa, sai da suka yanke kusan taƙi guda. Ya ce da mun ƙara 'yan awoyi da yanzu wani zancen ake yi. Ya tambaya tun yaushe yake da kumburin. Na buɗe baki zan ce ba shi da wani kumburi, sai na ji Baba Kumai ya ce ya fi shekara goma. Wai in ya sauko sai ya mayar da hannu, ya ɗaure da ƙyalle ya tafi gona. Shekara goma! Na juya na kalli mijina, na ga ya sunkuyar da kai. Ya sani. Jason ya sani. Rabin mazan ƙauyen sun sani. Ni da nake wanke masa kaya, nake auna masa gishirin miya, ni ce ban sani ba, don wai ba maganar mata ba ce. Sai na zauna a ƙasa.

Da yamma Silvanus ya tambaye ni me likitar waya ta ce. Na ce ta ce a ba shi ruwan gishiri da sukari. Nan na tsaya, Anti. Ban faɗa masa ta ce a kai Baba asibiti ba. Ya sa na goge manhajar a gabansa, na goge da sauri don rubutun yarinyar na ciki. Ƙanwarsa Bernice ta ɗauki labarin ta kai zumuntar mata, wai likitan waya ya kusa kashe musu uba, mata da yawa sun goge tasu. Yanzu Silvanus ya ce in tuno sunan likitar kafin ya dawo ƙarshen wata, zai rubuta takardar ƙorafi a kanta.

Baba yana gidanmu yana jinya. Da kunnensa ya ji abin da likitar ta faɗa, amma bai ce uffan ba. In na shiga da abinci sai ya juya fuska bango, sai Bernice ta karɓa ta ba shi. Tun ranar bai sake ce min Malama ba. Na san fushi yake yi don na kusa kashe shi. In na faɗi gaskiya, ina tsoron in rasa shi gaba ɗaya, in rasa mijina. In na yi shiru, za a cuci yarinyar da ta yi aikinta. Kuma shin wannan likitan waya alheri ne ko tarko? Kaina ya kulle.

Suruka cikin damuwa, Kafanchan

'Yata,

Na yi shekara talatin ina aikin nas, amma da na zo wurin ƙyallen nan sai da na ajiye takardarki na cire gilashi. Shekara goma dattijo yana ɗaure hanjinsa yana ɗaga buhu, 'ya'yansa masu ilimi suna kallo, alhali in an zo da wuri aiki ne da ake yi kullum a sallami mutum cikin 'yan kwanaki. Allah ya yi muku gyaɗar dogo.

Ba zan shafa miki mai a baki ba, kin yi kuskure biyu. Na farko shi ne jinkirin kwana ɗaya. Wannan ba naki ne ke kaɗai ba, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Baba ya ɓoye, mazan gida sun ɓoye, ke kuma kin zaɓi abin da ya fi sauƙi a ranar da aiki ya yi miki yawa. Na biyu, rabin maganar da kika faɗa wa mijinki, shi ne naki ke kaɗai, kuma kullum ƙara girma yake. Kada ki jira ƙarshen wata. Ki kira shi yau, ki ce likitar ta ce a kai Baba asibiti har sau biyu, ke ce kika yi jinkiri, tsoro ya sa kika ɓoye. Irin waɗannan manhajoji sukan ajiye abin da likita ya rubuta, in ya kai ƙara wannan rubutun ne zai ba shi amsa, kin ga gara ya ji daga bakinki. Zai yi fushi, ki bar shi ya yi. In ya huce, a hankali ki tambaye shi abin da ya hana shi kai mahaifinsa asibiti duk shekarun nan. Bernice kuma, inda ta kai labarin nan ne za a je a gyara shi, ku tsaya tare a gaban matan.

Likitan waya ba tarko ba ne, yarinyar ta san iyakarta kuma ta faɗe ta. Ki mayar da manhajarki. Tana da amfani ga abin da baki zai iya bayyanawa ko ido ya gani, irin mura da ƙuraje da jan ido, da sabunta maganin da aka saba sha in kina da awon jininki, da fassara sakamakon gwaji, ko bibiya bayan an sallamo mutum. Ta fi amfani ma a lokacin da kike shakkar ko a je ko kada a je, da sharaɗin in an ce a je za ki je. Amma duk abin da sai an taɓa da hannu, ko an ɗebi jini, ko an ɗauki hoto, waya ba ta kai nan ba. Ciwon ciki mai tsanani da amai, ciwon ƙirji, numfashi da kyar, bakin da ya karkace ko hannun da ya saki, jijjiga, jinin da ya ƙi tsayawa, saran maciji, mai ciki da ta ga jini, jariri da zazzaɓi, a irin waɗannan mai mota ake fara kira. Zazzaɓi ma, ko na wane ne, sai an yi gwaji. Tsoho kuwa ki ninka taka-tsantsan, in ya ce da sauƙi gaisuwa ce ya amsa.

Akwai abin da ba a rubuta a cikin manhaja ba. A asibiti da mun kore ki waje mun ja labule. A ƙauye kin tsaya a kan surukinki, ga mace a waya tana tambayarsa ƙasan mara. Ko wuƙa aka sa masa a wuya babu zai ce. An ce in an zo wanka ba a ɓoye cibi, amma ba a gaban suruka ba. Nan gaba ki nemi likita namiji, ki jingina wayar, ki fita ki ja ƙofa, ko ki kira wani sa'ansa ya zauna da shi.

Maganar fushin Baba kuwa, ina ganin kin karanta shi a baibai. Mai fushi da tuni ya faɗa wa ɗansa abin da likita ta ce. Sati uku yana riƙe da maganar da za ta iya tayar miki da aure, bai sake ta ba. Kunya ce ke juya masa fuska. Wadda yake girmamawa ta ji sirrinsa a bainar jama'a, kuma ya san a gabanki ya faɗi abin da ba haka ba.

Saboda haka bayan kin gama da mijinki, ki shiga wurinsa ke kaɗai. Ki durƙusa ki ce kin faɗa wa Silvanus komai, ya yafe miki jinkirin da kika yi. Kada ki ambaci ciwon, ba ranar ba, ba wata rana ba. Sannan kada ki tashi. Ki kawo masa wata matsala taki ta gaske, ta makaranta ko ta yara, ki ce kin rasa yadda za ki yi. Sati uku kowa na tambayarsa jiki, ba wanda ya tambaye shi shawara. Ba zai iya ba ki amsa yana kallon bango ba.

Ubangiji ya ƙara masa sauƙi, ya ba ki ƙarfin zuciyar ɗaga wayar nan yau.

Anti Yemima