Alƙiblar Muhandis Haral

Riyad, Sha'aban 1395

Zuwa ga matata Hansai,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Azumi da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar Inna? Yaya damina a Haɗeja? Ni ina nan lafiya lau, sai kewarku da kewar miyar kifi.

Kin ce in daina cika miki takarda da labarin zafi, in gaya miki aikin da nake yi. To ga shi. Kafilina, wato Balaraben da takardun zamana suke hannunsa, ya ba da ni direba ga wani kamfanin Turawa mai shimfiɗa bututun ruwa. Garin nan kuɗin mai ya haukata shi, Hansai. Inda ka bi da safe, da yamma sai ka tarar an haƙe. Wanda nake tuƙawa injiniya ne daga Ingila, sunansa Mista Haral, amma kowa Muhandis yake ce masa, wato injiniya da Larabci.

Ban taɓa ganin Bature irinsa ba. Sauran suna zama cikin mota mai sanyi su nuna aiki da yatsa, shi kuwa yana cikin rami tare da leburori har wuyansa ya yi ja kamar gauta. Shi ya sa aka kafa mana rumfa da randunan ruwa a bakin aiki. Makon jiya rami ya rufta da wani lebura Bayamane, kowa ya tsaya yana salati, ni ma da su, kada in yi miki ƙarya. Muhandis ya dira ciki yana tono da hannu har ya jawo mutumin da rai. Farcensa biyu suka cire, amma washegari ya riga ni fitowa.

Wani abu dai yana ba ni mamaki. Ya ce ba ya jin Larabci, sai da tafinta. Amma ran nan Yamanawa suna ba'a a tsakaninsu, na hango shi ta madubi yana danne dariya tun kafin tafinta ya buɗe baki. Kin san mijinki ba ya ganin abu ya kau da kai.

Ki gaida Inna, ki shafa mini kan Azumi.

Naki,
Idrisu

Riyad, Ramadan 1395

Zuwa ga Hansai, uwar Azumi,

Bayan gaisuwa, yaya ibada? Allah Ya karɓa mana. Ina fata azumin bai sa kin rame ba, don ba ni da niyyar dawowa in tarar da tsinke.

Albishirinki! Ina ganin Muhandis Musulmi ne a ɓoye. Kada ki yi dariya, ki ji tukuna. Kukun gidan Turawa ya gaya mini idan suka kulle ƙofa suka fito da naman alade na gwangwani, Muhandis ba ya taɓawa, sai ya ce cikinsa ne. Ga batun Larabci da na faɗa miki. Sannan ranar Litinin da ta wuce bai fita aiki ba, ya ce ba shi da lafiya. Da la'asar aka aike ni in kai masa takardu. Na ƙwanƙwasa, shiru, sai na zaga ta taga. Wallahi Hansai, na gan shi tsaye cikin fararen kaya, ya lulluɓe kansa da farin mayafi, yana karatu ƙasa-ƙasa yana hawaye. Can sai ya kai goshinsa ƙasa. Kuku ya ce tun yammacin Lahadi ko ruwa bai sha ba. Azumi ke nan ba sahur, Allah sarki.

Kuskurensa ɗaya, alƙiblarsa ta karkata dama sosai, ta yi wajen arewa. Wannan kuwa halin sabon shiga ne wanda ba shi da mai nuna masa. Tausayinsa ya kama ni. Mutum yana son Allah haka, yana ɓoyewa don tsoron 'yan'uwansa Nasara!

Ban yi masa magana ba, don kada ya ji kunya. Na tafi Gubaira, unguwar da mutanenmu suke, na sami Malam Inuwa tela. Dattijo ne da ya zo ƙasar nan a ƙafa tun yana saurayi, shi ne ubanmu a garin nan. Ya ce in bi a hankali. Amma kin san ni da murna, kafin a sha ruwa duk majalisa ta ji. Mun shirya bayan Salla za a gayyato shaihin masallacin unguwa ya ba shi kalmar shahada a gaban jama'a. Har an yi karo-karo an sayi rago na walima. Ni kuma na zaɓar masa suna, Haruna. Ki taya ni addu'a, wannan lada ba ƙarama ba ce.

Ki gaida kowa da kowa.

Mijinki,
Idrisu

Riyad, Shawwal 1395

Hansai,

Barka da Salla. Ina fata kun yi ta lafiya, kuma rigar Azumi ta yi mata daidai.

Maganar da na rubuto miki cikin azumi, ki bar ta a cikinki. In kin riga kin gaya wa Inna ko ƙawarki Safiyatu, ki ce musu Idrisu ne da surutunsa. Na yi katoɓara, kuma ba a kaina za ta faɗa ba, a kan wani ne. Ba zan iya rubuta fiye da haka ba yanzu. Lafiyata ƙalau, abinci ne dai ba ya shiga. Ki yi addu'a Allah Ya rufa asirin bawanSa.

Naki,
Idrisu

Riyad, Zulƙida 1395

Zuwa ga matata Hansai,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Inna da Azumi. Na san takardar baya ta tayar miki da hankali, ki yi haƙuri. Yanzu zan iya faɗa miki komai, don mai maganar ya bar ƙasar.

Kwana kaɗan bayan Salla, muna dawowa daga bakin aiki da rana tsaka, na kasa haƙuri na yi masa albishir. Na ce asirinsa a wurina yake, ya daina tsoro, 'yan'uwansa Musulmi sun sayi rago suna jiransa. Har na ƙara da cewa zan gyara masa alƙibla. Ina magana ina washe baki. Da na dubi madubi sai na ga fuskarsa ta yi fari fat. Ya ce in tsaya a gefen hanya. A nan ya fara yi mini magana da Larabci mai daɗi wanda ya fi na kafilina.

Hansai, Muhandis Bayahude ne. Sunansa na yanka Haskel, a Bagadaza aka haife shi kafin su koma Ingila. Azumin da na gani nasu ne, na neman gafara, ya faɗo cikin namu. Alƙiblarsa kuma ba ta karkace ba, Baitul Muƙaddas yake kallo. Ƙasar nan ba ta ba irinsu izinin shiga, da takardar wani fada na coci da ta ce shi Kirista ne ya shigo. In aka gane, mafi sauƙi a kore shi, mafi muni a ce ɗan leƙen asiri ne, ga zafin yaƙin Larabawa da Isra'ila na shekaru biyu da suka wuce bai huce ba. Na ce to me ya kawo shi? Ya ce kamfani ya nemi mai zuwa, shi kuma tun da uwarsa ta rasu bai sake jin ana ciniki da faɗa da ba'a da Larabci ba, ya kasa cewa a'a.

Kin san yadda muke jin sunan nan tun muna yara, ban taɓa zaton zan ga mai shi da ido ba, balle in ci gurasa ɗaya da shi. Na ce me zai hana ya gaya wa Turawa su kare shi? Sai ya yi murmushi, ya ce su ma ba su sani ba, kuma akwai mai son kujerarsa a cikinsu.

Ya ba ni labari. Yana ɗan shekara takwas aka yi tarzoma a Bagadaza, aka shiga unguwarsu ana kisa ana kwasar kaya. A cikin masu kwasar ya ga mutumin da yake kawo musu madara kullum. Wanda ya cece su kuwa maƙwabcinsu ne Musulmi, Alhaji Abbud, ya tsaya a bakin ƙofarsu ya ce sai an bi ta kansa. Matarsa Ester kuma daga ƙasar Folan take. Lokacin yaƙin Jamus maƙwabta Kiristoci ne suka nuna gidansu, aka tafi da iyayenta ba su dawo ba, ita kuma wata tsohuwa Kirista ta ɓoye ta a rumbun dankali. Ya ce har yau in Ester ta ji ƙararrawar coci sai jikinta ya yi sanyi. Shi kuma yana son kiran salla kamar me, don da shi ya tashi, amma in ya ga taro ya fito daga masallaci ranar Juma'a sai idonsa ya nemi hanyar gudu da kansa. Wai a gidansu har gardama suke, ita ta ce Kirista ya fi ban tsoro, shi ya ce Musulmi, kowa da inda aka ƙone shi. Ya ce ba mugu yake tsoro ba, mugu ana ganinsa. Mai gaishe shi kullum yake tsoro, don bai san gefen da zai tsaya ba ranar da taro ya zo. Na kawo masa maganar Falasɗinawa, don ba zan ɓoye abin da ke raina ba. Bai yi fushi ba, ya ce su ma suna da nasu tsoron na gaskiya, kuma nasa bai goge nasu ba.

Sai na kawo shawarar da nake kunyarta. Na ce ya zo kawai ya faɗi kalmar shahada a baki, a ci rago, daga nan ba mai taɓa shi, ƙila ma a ƙara masa girma. Ya ce ya yi wa hukuma ƙarya a takarda, wannan tsakaninsa da Allah ne. Amma ba zai shiga masallacinmu ya yi wasa da kalmar da muke fatan cikawa da ita ba, ya kuma ci ragon talakawa a kan ƙarya. Hansai, ni Musulmi ni na ce a yi wasa da kalma, Bayahude ya hana. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba.

Da kansa ya ce in kai shi wurin Malam Inuwa. Na roƙe shi kada ya je, ya ce dattijon da ya yi masa niyyar alheri ya cancanci ya ji gaskiya daga bakinsa. Muka same shi shi kaɗai a shago yana ɗinki. Muhandis ya zauna a tabarma ya faɗi komai, ya sa wuyansa a hannun mutumin da bai taɓa gani ba. Malam ya tsayar da keke. Sannan ya zuba masa shayi, ya ce wanda ya shigo shagonsa ya ba shi amana ya zama baƙonsa, shiriya kuwa ta Allah ce. Da yamma ya gaya wa majalisa cewa Idrisu ya yi garaje, mutumin bai nemi shahada ba, kuma bai yarda a sake tayar da maganar ba. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Aka yanka ragon aka raba wa leburori. Yanzu duk Gubaira Liman ake kirana, ina shiga ana dariya, ni kuwa na gode Allah da dariyar ta tsaya a kaina.

Sai dai magana ta riga ta fita. Kuku ya kai ta gidan Turawa, Baturen nan mai son kujera ya fara tambayar wace irin salla ce ake yi da farin mayafi. Muhandis bai jira ba, ya ajiye aiki. Na nemi gafararsa, ya ce tunda yake ba a taɓa tona masa asiri don ana son shi ba sai a kaina, har ya yi dariya.

Jiya na kai shi filin jirgi. Na tsaya bayan gilashi ina kallo. Jami'in ya karɓi fasfonsa, ya duba, ya dube shi, ya kira wani suka yi ƙus-ƙus. Na karanta duk addu'ar da na sani. Shi kuwa yana tsaye hannu a aljihu kamar mai jiran shayi. Can aka buga hatimi. Muhandis ya juyo ya ɗora hannu a ƙirji, ya wuce. Na koma mota na kasa tayar da ita. Tsoron da na ɗanɗana na ɗan lokacin nan ya kusa kayar da ni, Hansai. Shi tun yana ɗan shekara takwas a cikinsa yake kwana yake tashi.

Ki gaida Inna, ki rungume mini Azumi. Allah Ya sada mu da alheri.

Mijinki mai kewarki,
Idrisu